Gedambaliya: Darasin Da 'Yan Kasuwa Za Su Ɗauka Daga Shok Mai Iska Na Baburan Tsere

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa ɗaure buhun dawa a bayan babur, ya taso daga gonakin Gedambaliya zuwa kasuwar amfanin gona ta birnin Gadarif, ko kuma ya miƙa kudu ta Doka zuwa Galabat da ke kan iyakar Sudan da Habasha, ya san cewa shok ne ke fara gajiya tun inji bai nuna wata alama ba. Da zarar shok ya mutu, sai taya ta riƙa cin gefe guda, sifok ya riƙa tsinkewa, kaya su riƙa zamewa, shi kuma mai babur ya kwana da ciwon baya. Wani lokaci ma abin kan kai ga faɗuwa, a yi asarar kaya, a kwanta jinya a daidai lokacin da kasuwa ke ci.

A can ƙasashen Turai da Amurka da Japan kuwa, masu tseren babura a filin turɓaya da tsalle-tsalle, wanda ake kira motokuros, sun shafe fiye da shekara goma suna ta muhawara a kan shok ɗin gaba, wato fok, wanda ake hura wa iska a maimakon sanya masa sifirin na ƙarfe. Mai karatu zai iya tambaya, ina ruwan biri da gada? Amsar ita ce, iskar da suke aunawa kafin su hau babur tana nan a cikin shok ɗin kowane ƙaramin babur da ke jigilar kaya a kasuwanninmu, sai dai mu ba mu cika lura da ita ba.

Ƙasar da ke karya shok

Gedambaliya, wadda ke yamma da birnin Gadarif, tana da suna a tarihin noman Sudan, domin a nan ne Turawan mulkin mallaka na Ingila suka fara gwada noman dawa da tarakta a tsakiyar shekarun 1940, don samar wa sojojinsu da ke gabashin Afirka abinci. Daga nan ne noman injina ya bazu, har gwamnati ta kafa masa hukuma ta musamman a 1968, jihar Gadarif kuma ta zama rumbun dawa da riɗi na ƙasar. Hausawa da Fulani da Barebari, waɗanda kakanninsu suka biyo hanyar aikin Hajji, ko suka yi hijira zuwa gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, suna cikin waɗanda suka yi wa waɗannan gonaki aiki, suka kafa ƙauyuka, daga baya da yawansu suka shiga fatauci da tuƙin manyan motoci.

To amma ƙasar da ta ba yankin albarka, ita ce kuma take wahalar da abin hawa. Baƙar laka ce mai nauyi. Da damina, daga watan Yuni zuwa Oktoba, takan kumbura ta zama taɓo mai danƙo da ke liƙe wa taya da shok. Da rani kuma sai ta bushe ta tsattsage, sawun tarakta da na manyan motoci da aka bari lokacin ruwa ya daskare ya zama kamar kunyar dutse. Titin kwalta ya haɗa Gadarif da Galabat, tafiyar kimanin kilomita 155, amma wanda zai shiga ƙauyuka da sansanonin ma'aikatan gona don sayen kaya dole ya sauka daga kwalta.

Ga kuma gaggawa. Riɗi idan ya nuna a watan Oktoba ba ya jiran kowa, domin kwansonsa kan tsage ya zubar da ƙwayar. A wannan lokaci dillalai da masu kai wa leburori gari da sukari da man girki ba su da hutu, kuma babur ne ke shiga inda mota ba ta iya shiga. Ranar da babur ya kwana a gareji, cinikin ranar ya tafi ga wani.

Yadda shok mai iska ya zo

Kowane shok aiki biyu yake yi. Sifirin ne ke ɗaukar nauyi, ya lanƙwashe idan an faɗa rami, sannan ya dawo. Mai kuma, wanda ake tilasta masa bi ta wasu ƙananan ƙofofi, shi ne ke rage saurin wannan motsi don kada babur ya riƙa tsalle kamar ƙwallo. Abin da masu ƙera baburan tsere suka yi shi ne cire sifirin na ƙarfe, suka maye gurbinsa da iskar da aka matse a cikin wani ɗan bututu.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Kamfanin Yamaha ya fitar da baburan tsere samfurin YZ masu fok mai iska tun a 1976, amma abin bai daɗe ba. Sai a 2013 aka sake dawo da shi gadan-gadan, lokacin da Honda da Kawasaki suka sanya fok mai iska na kamfanin KYB a manyan baburansu na tsere, CRF450R da KX450F. A 2015 kamfanin Showa ya kawo nasa mai ɗaki uku na iska, wanda Kawasaki da Suzuki suka ɗauka. Shi kuma KTM na ƙasar Austriya ya fito da samfurin WP AER 48 a baburansa na 2016 a Turai, da na 2017 a Amurka, inda iska ke ƙafar hagu ta fok, mai da ƙofofinsa kuma ke ƙafar dama.

Dalilan kamfanonin guda biyu ne. Na farko, cire sifirin na rage wa babur nauyin da ya kai kilo ɗaya ko fiye, abin da ke da muhimmanci ga mai tsere. Na biyu, mahayi mai nauyi da mara nauyi duk za su iya amfani da fok ɗaya, kowa ya hura iskar da ta dace da shi, ba sai an sayi sabon sifirin ba.

Sai dai kuma mahaya da yawa sun yi ta ƙorafi. Sun ce abin na da wahalar saiti, yana canza hali a tsakiyar tsere, kuma a samfurin farko idan sil ya fashe iska kan tsere, gaban babur ya durƙushe. Saboda haka Honda ta koma sifirin na ƙarfe a CRF450R na 2017, Suzuki ta bi sahu a 2018, Kawasaki kuma a 2019. Yamaha dai ba ta shiga wannan zagaye na biyu ba sam. KTM da 'yan'uwansa Husqvarna da GasGas ne suka ci gaba da gyara nasu suna sayarwa.

Yadda masu tsere ke auna iska

Haruffan psi da ake gani a jikin gejin masu faci suna nufin laba nawa iska ke dannawa a kan kowane inci ɗaya murabba'i. Wasu geji kuma da ma'aunin ba suke aiki, inda ba ɗaya ya yi daidai da laba 14.5. Fok ɗin KYB na 2013 kan ɗauki kimanin laba 35, na WP kuwa kimanin ba 10.5, wato laba 150 da 'yan kai. Wannan bambanci kaɗai ya isa ya nuna cewa ba a yin aikin da ka; littafin da ya zo da babur shi ne alƙali.

Ƙa'idojin da suke bi ba su da yawa. Da farko sukan ɗora babur a kan abin tokare har tayar gaba ta bar ƙasa, domin idan nauyi na kan fok, geji zai nuna lambar da ta fi gaskiya yawa. Sannan sukan auna tun babur na sanyi, kafin a hau shi. Sukan goge bakin bawul kafin su buɗe, don kada ƙura ta shiga. Ba sa amfani da injin iska na masu faci, sai wani ɗan famfon hannu mai geji a jikinsa, saboda ɗakin iskar ƙarami ne ƙwarai, bugu ɗaya na inji zai iya wuce ƙima ya lalata sil. Idan za su canza, laba biyu ko uku kawai suke ƙarawa ko ragewa, su hau su gwada, su rubuta lambar a takarda. Bayan an sauka kuma akwai wani ɗan sukuru a saman fok da ake sassautawa don fitar da iskar banza da ta taru lokacin tafiya.

Alamomin ma a bayyane suke. Idan iska ta yi yawa, gaban babur kan yi tauri, ya riƙa dukan hannu a ƙananan gargada, taya kuma ta kasa kama ƙasa a kwana. Idan ta yi kaɗan, kan babur kan nutse da an taɓa birki, kuma fok ya riƙa kai wa ƙarshe yana buga ƙarfe da ƙarfe.

Batun zafi kuwa ya fi shafar irin ƙasarmu. Iskar da ke rufe a cikin bututu tana ƙara ƙarfi da kimanin kashi 3 cikin 100 a duk ƙarin digiri 10 na zafi. A Gadarif, inda zafin rana kan haura digiri 40 a watannin Maris zuwa Mayu, fok ɗin da aka hura wa laba 150 da asuba lokacin da zafi ke digiri 20, zai ƙaru da kusan laba 12 idan zafi ya kai digiri 42, alhali masu tsere kan ji bambancin laba biyu kacal. Don haka ne ba sa yarda da awon jiya.

Iskar da ke cikin namu babura

Baburan Indiya da na Sin, irin su Bajaj Boxer da TVS da Haojue, waɗanda su ne jakunan 'yan kasuwa daga Maraɗi har gabashin Sudan, ba su da bawul a saman fok. Sifirin ne a ciki da mai. Amma ba a cika bututun da mai har baki. Akan bar fili a sama, kuma wannan fili iska ce. Idan fok ya nutse, iskar kan matsu, kuma duk lokacin da filinta ya ragu da rabi, ƙarfinta kan ninka. Ita ce ke taimakon sifirin a ƙarshen nutsewa, ta hana ƙarfe bugun ƙarfe a babban rami.

Ma'ana, yawan man da bakanike ya zuba shi ne famfon ɗan kasuwa. Idan mai ya yi ƙasa saboda yoyo, filin iska ya yi yawa, fok zai yi laushi ya riƙa bugawa. Idan aka cika mai fiye da ƙima da nufin a ƙara masa ƙarfi, iska ba ta da wurin matsuwa, fok zai ƙi nutsewa yadda ya kamata, ƙarfin kuma ya koma kan sil ya fasa shi. Idan kuwa ƙafa ɗaya ta fi ɗaya mai, ƙafafun ba za su yi aiki tare ba, gaban babur ya riƙa murɗewa. Saboda haka ya kamata mai babur ya tsaya a kan bakanike ya ga an auna man da kofin awo ko sirinji, daidai adadin da kamfani ya rubuta, kuma daidai wa daida a ƙafa biyun.

Har ila yau akwai batun irin man. Akwai man shok na musamman, wanda galibi ake rubuta 10W a jikin gorarsa. Baƙin man da aka juye daga inji, wanda wasu ke zubawa don arha, cike yake da garin ƙarfe da ke cinye sil da bututu. Arha dai ba ta ado. Canza man fok sau ɗaya a shekara, bayan ɗaukewar ruwa kafin a shiga hada-hadar kaka, ya fi sayen sabon fok sauƙi nesa ba kusa ba.

Babban makashin sil a wannan yanki shi ne taɓo. Idan baƙar laka ta bushe a jikin bututu mai sheƙi, takan yi tauri, da an hau babur sai ta shige ƙarƙashin sil ta yaga shi. Goge bututun da jiƙaƙƙen tsumma kowace yamma, da sanya masa rigar roba mai lanƙwasa, da canza rigar idan ta yage, su ne maganin. Wanda ya ga mai na tsiyaya a ƙafar fok kada ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da tafiya, domin man kan gangara ya shiga birkin gaba, kuma birkin da ya sha mai ba ya kamawa.

Nauyin kaya da shok ɗin baya

Buhun dawa a kasuwannin Sudan kilo 90 ne, guntar ɗaya na riɗi kuma kimanin kilo 45. Idan aka haɗa buhu ɗaya da mahayi mai kilo 65, an kai kilo 155, wato an riga an kai ko an wuce iyakar abin da aka ƙera yawancin ƙananan babura su ɗauka. Ba wanda zai ce wa ɗan kasuwa ya daina ɗaukar kaya, amma akwai yadda zai rage ɓarna.

Masu tsere kan auna yadda bayan babur ke sauka idan mahayi ya zauna, kuma abin da suke nema shi ne kusan kashi ɗaya cikin uku na iyakar tafiyar shok, wato milimita 100 zuwa 105 a baburansu. Sauran kashi biyun na ramuka ne. Ɗan kasuwa ma zai iya yin wannan awo da igiya ko sanda: a auna daga gindin tayar baya zuwa kariya babu kaya, a sake aunawa bayan an ɗora kaya an zauna. Idan shok ya kusa ƙurewa tun ba a tashi ba, to ba abin da ya rage da zai tari rami. Yawancin shok ɗin baya suna da wani zobe mai matakala, sau da yawa biyar, a gindin sifirin. A murɗa shi zuwa mataki mai tauri idan za a ɗauki kaya, a dawo da shi idan za a tafi wayam, kuma a tabbata hagu da dama suna mataki ɗaya.

Wasu kanikawa kan cusa guntun bututu a saman sifirin, wasu kuma su ƙara shok biyu a baya su zama huɗu. Guntun bututu yana ɗaga babur, amma bai ƙara wa sifirin ƙarfi ba, kuma idan ya yi tsawo sai sifirin ya haɗe da wuri ya riƙa bugawa. Ƙarin shok kuma yana mayar da duka kan firam da sifok da rim, waɗanda ba a ƙara musu ƙarfi ba. Wanda ya yi haka sai ya riƙa duba wuraren walda da sifok a kai a kai.

Inda aka ɗora kaya ma abin lura ne. Kayan da suka zarce bayan taya kan ɗage gaba, sai kan babur ya riƙa rawa, fitila ta haska sama, birkin gaba ya rasa ƙarfi. A matso da buhu kusa da bayan mahayi, a sa mai nauyi a ƙasa, jarkoki kuma a raba su daidai hagu da dama.

Taya ma shok ce

Iskar da ɗan kasuwa ke da cikakken iko a kanta ita ce ta taya. A yawancin ƙananan babura kamfanoni kan rubuta kimanin laba 25 a gaba, laba 28 a baya idan mutum ɗaya ne, laba 32 ko 33 idan da goyo ko kaya. Ainihin lambar tana jikin wata takarda da aka manna kusa da sarƙa, ko a cikin littafin babur. Matsa taya da yatsa ko bugunta da ƙarfe ba awo ba ne. Ƙaramin geji na aljihu bai kai kuɗin tif ɗaya ba.

Ƙa'idar masu tsere tana aiki a nan ma: a auna da safe tun taya na sanyi. Da rana lambar za ta hau da laba uku ko fiye, kuma hakan daidai ne, kada a sace iskar, domin idan taya ta huce sai ta koma ƙasa da ƙima. Tayar da ba ta da isasshiyar iska a ƙarƙashin kaya takan yi zafi, rim ya tsinke tif a bakin rami. Wadda aka cika fiye da ƙima kuma takan riƙa tsalle, ta bar wa shok duk aikin. Ana iya rage kaɗan don ratsa taɓo ko rairayi, amma a mayar da zarar an hau busasshiyar hanya.

Shin a sayi baburan tsere?

Tsofaffin baburan tsere kan shigo kasuwannin Afirka, kuma tsayinsu da manyan shok ɗinsu na iya jan hankalin mai bin hanyar daji. Ga ɗan kasuwa dai ba su da riba. Ba su da kariya, ba su da fitila, tankinsu ƙarami ne, kuma da awa ake lissafin lokacin gyaran injinsu. Idan fok mai iska ya lalace a Doka ko Galabat, sil ɗinsa da famfonsa sai an yi odarsu daga nesa, alhali kayan Boxer suna kusan kowace rumfar kayan gyara. Bugu da ƙari, tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu, 2023, babur ya zama abin da jami'an tsaro ke sa wa ido, kuma an sha rufe mashigar Galabat da Matamma saboda rikici a wannan ɓangare ko wancan. Wanda ya fita da cikakkun takardu, a kan babur irin na kowa, ya fi samun sauƙin wucewa a shingen bincike.

Ga masu sayar da kayan gyara kuwa, akwai kasuwa a nan. Sil mai kyau, rigar roba ta fok, man shok a ƙananan gorori, kofin awo da gejin aljihu kaya ne marasa nauyi da ba sa lalacewa a ajiye, kuma buƙatarsu kan tashi daga ƙarshen damina. Wanda ya tanade su tun watan Satumba, ya kuma iya yi wa mai saye bayanin amfaninsu, ba zai rasa ciniki ba.

Masu tsere suna auna iska kullum don neman kofi. Ɗan kasuwa kuwa jarinsa da lafiyarsa da abincin iyalinsa ne a kan tayoyin nan biyu, don haka shi ya fi cancanta ya ba da minti biyar kowace safiya ya duba taya, ya goge fok, ya daidaita zoben shok kafin ya ɗaure kaya. Rigakafi dai ya fi magani. Allah Ya kiyaye hanya, Ya ba da kasuwa mai albarka, Ya kuma dawo wa Sudan da zaman lafiya, amin.